Bulumboti Shida da Kuskure Ɗaya na Gwaggo Merle

Ranar Litinin ɗin da Gwaggo Merle ta kama ni, ina zaune ne cikin a-kori-kurata a ƙofar kemis ɗin garinmu Kurrabindi, da bulumboti a bakina, ina tsotso.

Bari in faɗi yadda aka yi kafin a yanke mini hukunci. Sunana Rodney Hoskin, shekarata hamsin da biyar, kuma shekara talatin ke nan ni ke kiran gwanjon tumaki a karar garinmu duk ranar Alhamis. Baki ne jarina. Ko matata, da za ta kwashe kayanta shekara goma da suka wuce, ba ta ce na cuce ta ba, cewa ta yi kunnenta ne ya nemi hutu. To a ranar nan na sayi bulumboti iri shida, wato duk irin da kemis ɗin ke da shi, saboda jikana Fergus. Sai na ce a raina, mutumin da ba ya barin rago ya wuce gabansa bai buɗe bakinsa ya duba haƙori ba, ai bai kamata ya kai kaya gida bai gwada ba. Na zuba ruwa a kowanne na jera su a gaban mota. Na gama da na ɗaya da na biyu, ina kan na uku, har na lumshe ido don in tantance da kyau, sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi.

Gwaggo Merle ce, tsohuwa 'yar firit, da malafa a ka, da wata rigar matashi rataye a wuyanta, ƙafafun ɗan kangaru biyu sun leƙo daga ciki. Ta jira na sauke gilashin.

Ta ce, "Rodney, na yi zaton an yaye ka."

Na so in mayar mata da mai zafi, amma ruwan ya riga maganar fitowa, ya gangaro ta gemuna. Sai kawai na gaya mata gaskiya. 'Yata Tegan tana da tsakuwa a madaciya tun tana da ciki. In ciwon ya taso, sai ta duƙa ta riƙe bakin tebur har ya lafa. Bayan wata da watanni ana jira, babban asibitin birni ya ba ta ranar Juma'a a yi mata aiki. Motar da ke kai marasa lafiya tana tashi ran Alhamis da ƙarfe biyu na rana, kuma sai Lahadi za ta dawo da ita. Mijinta yana can arewa wurin haƙar ma'adinai, ba zai sauko ba sai ƙarshen wata. Fergus, ɗan wata huɗu, ni za a bar wa. Tegan ta tatsi nono ta cika firiji da shi, komai ya kammala sai abu ɗaya: yaron ya ƙi bulumboti ƙememe. Ita kuwa ta rantse in bai karɓa ba kafin motar nan ta tashi, ba za ta shiga ba, ko da za a mayar da ita ƙarshen layi ta sake jiran rabin shekara da ciwonta.

Gwaggo Merle ta leƙa ta ƙare wa kayan nawa kallo, irin kallon da nake yi wa tumakin da mai su ya wanke su da safe don a ɓoye rama. Ta ce gobe da hantsi za ta zo, in tafasa ukun da na ɓata, kuma kada in sake sa bakina a ko ɗaya.

A garinmu kowa Gwaggo yake ce mata, har fasto. An haife ta a wata gonar tumaki da ke bayan kogin nan da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Mahaifinta mai gyaran shinge ne, ya hau doki ya bi waya kwana uku yana ɗaure inda ta tsinke. Ita ce ta takwas cikin tara. A irin waɗannan gidaje yaro na fara tafiya ake nema masa aiki, kuma aikin da ya faɗo wa Merle tana 'yar shekara shida shi ne marayun tumaki. Tunkiya ta mutu wurin haihuwa, ko ta haifi tagwaye ta ƙi ɗaya, sai a ɗauko ɗan a jefa a kwali kusa da murhu a ce, Merle ga naki. Gidan ba bulumboti. Kwalabar giyar da mahaifinta ya shanye take wankewa, ta yanko yatsan safar hannu ta roba, ta huda da allura ta ɗaura a baki. A shekarar babban fari ta raini arba'in da ɗaya, talatin da tara suka rayu, kuma har gobe tana iya faɗa maka sunayen biyun da suka mutu.

Tana da shekara goma sha bakwai aka ɗauke ta shara da wankin zannuwa a ƙaramin asibitin garin, zamanin da mata ke haihuwa a nan. Wata rana wata jaririya ta ƙi shan komai, uwarta na kwance da zazzaɓi, ma'aikatan jinya uku sun yi har sun gaji. Merle ta jingine tsintsiya ta roƙa a ba ta. Babbar ma'aikaciyar jinyar, wadda ko likita ba ya tari a gabanta sai da izini, ta tambaye ta me mai shara ta sani. Merle ta ce game da mutane ba ta san komai ba, amma irin wannan bakin ta gan shi ya fi sau ɗari. Ta wanke hannu, ta sa ƙaramin yatsanta a bakin jaririyar, ta yi shiru tana saurare da yatsan. Sannan ta je ta tono wani kan roba daban daga ƙasan aljihun tebur, ta ɗaura, yarinya ta sha har ta yi barci. Tun daga ranar tsintsiya ba ta koma hannunta ba, ko da yake a takarda mai shara ta zauna duk shekara talatin da huɗun da ta yi, har aka rufe ɗakin haihuwar.

Ta auri Stan Pengilly mai haƙa rijiyar burtsatse, mutumin da ya fi kowa shiru a yankin nan. Ana cewa ko ranar ɗaurin aurensu kai kawai ya gyaɗa. Allah bai ba su haihuwa ba. Ba ta taɓa ta da zancen ba, ba kuma wanda ya taɓa tayar mata. Amma in ka tsaya a bakin titi ranar kasuwa ka ƙirga mutum goma, huɗu sun sha daga hannunta, kuma tana tune da yadda kowannensu ya sha. Shi ya sa ake shakkarta. Ɗan sandan garin ya taɓa tsayar da ita saboda fitilar motarta ta mutu. Ta leƙo ta tuna masa cewa tun yana cikin zanen goyo haɗama gare shi, ya sha ya amayar ya sake nema. Ya ce ta wuce, washegari ya je har gida ya gyara fitilar.

Tun da Stan ya rasu, 'ya'yan kangarun da mota ta take uwayensu take reno. A lokacin nan biyar gare ta, kowanne cikin rigar matashinsa, rataye a jikin ƙofofin gidanta, kowanne kuma da nasa kan roba dogo siriri da ba a haɗa shi da na wani.

Ba ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwali. Takan ce ba kwalba ake zaɓa ba, rami ake zaɓa. In ramin ya yi ƙanƙanta jariri ya wahala ya yi fushi, in ya yi girma ya shaƙe, ko ya saba abu na kwarara ba birki. Takan kuma ce a cikin dubban bakunan da ta zaɓa wa rami, sau ɗaya tak ta yi kuskure. Na wa ne, ba ta taɓa faɗa ba. A mashaya an shekara da shekaru ana canka, ni kuwa na tsaya kai da fata a kan ɗan sandan ne.

Ran Talata da hantsi ta iso gidan Tegan, ta rataye ɗan kangarunta a mariƙin ƙofar kicin kamar jaka, ta sa na jera bulumbotin shida a kan tebur. Na farko mai faɗin kai ne kamar murfin tukunya, wanda kwalinsa ya yi alkawarin jariri ba zai bambanta shi da uwa ba. Ta juya shi sau biyu ta ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin uwa ba, ko ya gani ya manta. Na biyu yana da bututu a ciki da wasu ƙananan tarkace biyar da sai an kwance an wanke ɗaya-ɗaya. Ta ce abu ne mai kyau a hannun mai natsuwa, a hannuna kuwa kafin Asabar uku sun ɓace. Na gilashin ta shafa shi da sha'awa, sannan ta ture, ta ce hannun da ke yawo a iska duk lokacin da mai shi ke magana ba a damƙa masa gilashi. Akwai wani lanƙwasasshe mai hoton kifi a jiki, wanda ni a raina shi na fi so. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

Saura biyu. Ta wanke hannu, ta karɓi Fergus, ta sa masa ƙaramin yatsanta a baki, ta rufe ido. Yaron da ya kwana uku yana ture duk abin da aka kai masa ya kama yatsan nan ya yi luf. Can ta buɗe ido ta ce yaro ne mai natsuwa, ba ya gaggawa, kuma wannan ba ta wajen uwa ya gado ba. Tegan ta yi dariya har ta dafe haƙarƙari. Daga nan ta zuba ruwan ɗumi a biyun, ta kifa su a kan faranti tana ƙirga ɗigo da leɓe. Ɗaya ya yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Ɗayan sai ya yi ɗis, ya tsaya ya yi tunani, ya sake ɗis. Shi ta zaɓa: siriri, ba ado, mafi muni a cikinsu, wanda na saya kawai don kada a ce na bar ɗaya a kan kanta.

Tegan ta ɗumama nono ta zuba, ta kai masa. Ya kau da kai ya cusa fuska a ƙirjinta yana kuka. Gwaggo ta ce ai ba wawa ba ne, mai ganin rijiya ba ya roƙon guga. Ta kori Tegan gidan maƙwabciya, ta ce kada a ji ko tarinta sai an kira ta. Bayan kamar minti ashirin ta zauna, ta jingina bayan yaron a ƙirjinta, ta shafa masa kan robar a leɓe. Ya yi mita, ya yi mita, sai ya kama. Ya sha kusan rabi.

Na miƙe ina shirin yin jawabi, ta ce in zauna, aikin bai ma fara ba. Ita tana da baki biyar a gida da ke jiranta kowane awa huɗu, ba za ta iya tarewa a nan kwana uku ba. Bulumboti dai an samu. Saura hannu. Ta miƙo mini yaron da sauran rabin.

Fergus ya ɗaga kai ya dubi gemuna, ya tsuke baki, sannan ya saki wata ƙara da ta sa ɗan kangarun ya janye ƙafafunsa ciki.

Laraba sau uku muka gwada, sau uku ya ƙi. Gwaggo na zaune a kusurwa da kofin shayi, kallona kawai take. Ni kuwa na ba shi duk abin da na iya. Na lallashe shi, na yabi madarar, na gaya masa ba a taɓa kawo irinta kasuwa ba, wa zai ɗauka, ga ta ɗumi-ɗumi, saura kai kaɗai, ɗaya, biyu. Da la'asar ciwon Tegan ya taso. Na same ta a kicin ta riƙe bakin tebur, gumi na tsatsafo mata, wayarta a gabanta. Da ya lafa ta ce mini, "Baba, bari kawai in kira su in ce a ba wani. Ba zan kwanta a can ina jin kukansa a kaina ba."

Gwaggo ce ta ɗauke wayar ta sa a aljihun rigarta. Ta ce a ba ta zuwa gobe da azahar. Ta kuma umarci Tegan ta kwana da rigar barcin da ta kwana da ita jiya da shekaranjiya, da safe ta cire ta ajiye ba wanki. Ni kuma ta ce in yi wanka da ruwa zalla, ba sabulu ba turare, don ta gano ciwona guda biyu ne: ina warin tumaki, kuma ba na shiru.

Alhamis ranar kasuwa ce, na bar wa abokin aikina gwanjon, abin da ban taɓa yi ba ko ranar da aka haifi Tegan. Ƙarfe sha ɗaya Gwaggo ta iso, ta sake korar Tegan gidan maƙwabciya da jakar tafiyarta a ɗaure. Sannan ta tambaye ni, in tunkiya ta rasa ɗanta, ga kuma maraya ba uwa, yaya ake haɗa su. Na ce wannan ai ko yaron goye ya sani a garin nan, ni kaina na yi ya fi sau hamsin: a feɗe fatar mataccen a sa wa marayan kamar riga, tunkiya ta sansana ta ji nata ne ta ba shi nono. Ta ce madalla, yau za mu juya abin. Uwar riƙon za a sa wa fata.

Ta ɗago rigar barcin Tegan. Ruwan hoda ce, da zanen agwagi, da leshi a wuya.

Na ce a ɗora mini a kafaɗa mana. Ta ce ni na taɓa ganin an ɗora wa ɗan tunkiya fata a kafaɗa? Na ce ba za ta shige ni ba, ni da ma'aunin kara ya san da zamana. Ta zaro almakashin askin tumaki daga jakarta, ta tsaga rigar ta baya daga wuya har ƙasa, ta zura mini hannuwa, ta ɗaure da igiyar ɗaurin ciyawa a wuri uku. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ta kafa mini doka biyu. Ta farko, in jingina bayan yaron a ƙirjina yana kallon gaba don kada ya ga gemun, in yi ta kai da komo a barandar gaba, wai cikin gida ya yi zafi. Ta biyu, daga yanzu har kwalbar nan ta ƙare, in kalma ɗaya ta fito daga bakina, ita za ta ɗauki jakarta ta tafi, in je in yi wa Tegan bayani da kaina.

Barandar gidan Tegan tana kallon titin da ya nufi kara ne.

Na fara tafiya. Fergus ya yi mita, ya juya kai ya goga hanci a kan wata agwagwa, ya yi tsit. Ya sake sansanawa. Na ji jikinsa ya saki kaɗan. Na kai masa kan robar a leɓe yadda aka koya mini, ya ture da harshe, amma bai yi kuka ba. Motar tumaki ta farko ta wuce, direban ya rage gudu har tumakin suka yi karo da juna. Ta biyu ta danna ƙaho. Ta uku kuwa tsayawa ta yi cak a ƙofar gidan, kuma tun kafin a buɗe ƙofa na san tawa ta same ni, don motar Des Mulvihill ce.

Ni da Des shekara talatin muna gwada baki a gaban jama'a, bai taɓa kayar da ni ba ko sau ɗaya. Ya sauko a hankali kamar mai jin tsoron kada mafarki ne ya farka. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya jingina da shinge.

Ya ce, "Sannu da rana, baiwar Allah. Baƙuwa ce ke a garin nan? Akwai miji, ko a shigo?"

Na juya na nufi ɗaya ƙarshen barandar. Kuskure ne, don bayan rigar ya fi gabanta labari. Kafin in juyo, motoci biyu sun ƙara tsayawa, mutum biyar a jikin shinge, uku sun ɗaga waya. Des ya ga ban tanka ba, ya gane yau gonarsa ta nuna. Ya hau kan dutsen bakin ƙofa ya fara kwaikwayon muryata, wai ga tsohuwar tunkiya an kawo, haƙora sun tafi amma akwai gashi a fuska, nono babu amma akwai niyya, wa zai buɗe tayi.

Amsa uku suka taso mini lokaci guda, kowacce ta ishe shi jinyar wata. Akwai ta kunnuwansa. Akwai ta ranar da ya loda tumakin wani ya kai su garin da ba a aike shi ba. Ta ukun ba ta rubutuwa. Na ji sun hau maƙogwarona suna turereniya, na ja numfashi, leɓena ya buɗe.

A daidai nan na ji an ja kwalbar daga hannuna, ja ɗan kaɗan. Na dubi ƙasa. Kumatun Fergus na motsi, ƙananan kumfa na hawa cikin madarar ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga ido, ga Gwaggo a bakin ƙofa da kofin shayinta. Yatsa ɗaya ta ɗaga.

Na haɗiye. Na taɓa karya ƙafa, na taɓa cire haƙori ba allura, amma ban taɓa jin abin da ya kai haɗiye amsoshin nan uku ciwo ba. Na ci gaba da kai da komo, agwagi na kaɗawa a iska, Des na sayar da ni ga mai rabo, madara na sauka sannu a hankali ta ramin nan da ba ya gaggawa. A ranar na tsine wa natsuwar jikana. Ƙarfe sha biyu da rabi kwalbar ta yi ƙaran wofi. Na ɗora shi a kafaɗa, ya yi gyatsa irin ta manya, ya bar wa agwagin tukuici.

Sai a lokacin Gwaggo ta ajiye kofi ta taka har bakin shinge. Ta dubi Des daga sama har ƙasa, ta ce masa, ba da ɗaga murya ba, "Desmond, kai da ka tsotsi babban yatsa har ka shiga aji uku, ni na shafa maka barkono. In tuna musu sauran?" Kafin ta rufe baki titin ya koma kamar an share.

Aka kira Tegan. Ta dubi kwalbar, ta dubi ɗanta yana barci, ta dube ni cikin rigarta. Ta fara dariya tana dafe da haƙarƙari, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a kan leshin. Ƙarfe biyu saura kwata tana cikin mota. An yi aiki lafiya, ran Lahadi ta dawo da tsakuwoyinta a 'yar kwalba. Kwana ukun nan duk lokacin shan Fergus sai na sa rigar, na kuma lura da wani abu: a tsakiyar falo, labule a sauke, yana sha sarai. Hotona kuwa yana nan a mashaya, an sa shi a firam sama da inda nake zama.

Bayan mako guda na kai wa Gwaggo buhun madarar 'ya'yan kangarunta, na gyara mata ƙyauren da ya karkace. Tana zaune a inuwa tana shayar da ƙaramin cikinsu. Na tambaye ta ko barandar gaban nan dole ce, ko bayan gida ma da ya wadatar. Ta ce yaron yana bukatar iska, garin kuma ya shekara talatin yana bina bashin dariya. Ban bari ta tsaya nan ba. Na ba ta labarin yadda na ƙware, yadda yanzu nake gane ramin kirki daga nesa, yadda har matar mai gidan burodi ta nemi shawarata. Na yi ta zuba, tana ta shayarwa. Daga ƙarshe na ce tun da yanzu mun zama abokan sana'a, ta faɗa mini mana, kuskuren nan guda ɗaya, ɗan sandan ne ko?

Ta zare robar daga bakin ɗan kangarun, ta goge masa haɓa da gefen zane, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Ina da shekara goma sha tara aka kawo mini wani jariri, uwarsa na kwance. Ya cika asibiti da ihu har na rasa haƙuri, na ɗora allura a wuta na faɗaɗa masa ramin. Shekara hamsin da biyar ke nan, Rodney, har yau bakin bai daina zuba ba."